Sawun Baƙo

Ranar Laraba da azahar aka sace Gwaggo daga cikin mota ta huɗu, a tsakiyar garejin kamfanin kai kaya, ƙofar gareji a rufe, mutum tara a ciki.

Gwaggo ba mutum ba ce. Na'urar nuna hanya ce da ake mannawa a gilashin gaban mota, faɗinta bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Direbobi ne suka raɗa mata sunan, don muryar mace ce a cikinta, ba ta gajiya da ba da umarni, kuma ko ka saɓa mata ba ta fushi, sai dai ta ce ka juya in ka samu wuri. Guda uku kamfanin ke da su, motoci biyar suna karɓa-karɓa. Wadda aka ɗauke ita ce babbar, mai manyan rubutu, kuma an haɗa da robar da ke riƙe ta a gilashi da igiyar cajinta.

Direban mota ta huɗu shi ya kai ƙara da kansa. Ya ce ya ajiye mota, ya zagaya famfon baya ya wanke fuska, bai yi minti biyar ba, ya dawo ya tarar da gilashi wayam. Wata uku ke nan da ɗaukarsa aiki. Daga wani gari ya zo, bai san tituna ba, ba wanda ya san danginsa, don haka tun ranar farko ba a kira shi da wani suna ba sai Baƙo.

Manaja ta aika tsallaken titi a kira Mai Bin Sawu.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana nemo wa mutane motocinsu da aka sace, ba da komai ba sai ido da haƙuri: zanen taya a ƙasa, ɗigon mai, ciyawar da ta kwanta. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya buɗe shagon faci daura da garejin, inda wansa yake babban direba. Ya tsallako, ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya tsuguna a gefen motar.

Ruwan wanki ya jiƙa ƙasar wajen, don haka komai a rubuce yake. Ga takalmin Baƙo ya sauka, ya nufi famfo, ya dawo. Ga silifas ɗin Mai Wanki ya wuce, nauyin bokiti a hannun dama. Sai na uku, dab da ƙofar direba: ƙafa biyu a haɗe, nauyi a kan yatsu, irin tsayuwar wanda ya miƙa hannu ta taga. Dunduniyar hagu ta cinye ta waje.

Ya daɗe yana kallon wannan dunduniyar. Tafiyar da ke cinye takalmi haka ya san ta tun kafin ya iya ƙirga yatsunsa. Ta wansa ce. Da ya zo gyara tsuguno, ƙafarsa ta sauka a kan sawun ta murje shi. Daga baya ya yi ta gaya wa kansa gwiwar ce.

"Malam, me ka gano?" Mai Wanki ne a kansa, dattijo mai farin gemu wanda magana ba ta kwana a bakinsa.

"Sawun baƙo nake nema," in ji shi, bai ɗago ba. Mutumin waje yake nufi, wanda ya shigo daga titi. Shi yake roƙon Allah ya gani.

Mai Wanki ya dire bokiti. Kafin Mai Bin Sawu ya miƙe tsaye, magana ta zaga gareji ta dawo: an ga sawun Baƙo.

*

Ofishin Manaja ɗaki ɗaya ne: tebur, kujeru uku, allon makullai a bango, fanka mai kuka. Mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana.

"Wata guda na yi ina zaɓen na'urorin nan," ta ce. "Na fara gwada direbobi da waya, bai yiwu ba. Kira ya shigo, taswira ta ɓace. Rana ta bugi waya, ta ɗauke. Wani kuma ka sa masa data don hanya, ya ƙarar a kallon ƙwallo. Sai na nemi wadda ba ruwanta da data, ba ta san komai ba sai hanya, wadda za a cire daga wannan mota a manna a waccan. Biyu ƙanana, ɗaya babba. Babbar don yayanka na ɗauko ta, saboda ido."

"Ya karɓa?"

"Taswira?" Ta ɗan murmusa. Haka kowa ke kiran wan Mai Bin Sawu, don shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a garin ba a taɓa jin ya tambayi hanya ba. "A gaban kowa ya ce shi da aka shimfiɗa titunan nan yana kallo, ba zai karɓi umarni daga akwatin da bai taɓa taka ƙasa ba. Ya ce in bai wa wanda ya ɓata. Shi ya sa ta koma wurin Baƙo." Ta juya biro a hannu. "An ce ka ga sawunsa."

Nan ne wurin gyara maganar. Numfashi ɗaya ya isa. Ya dubi allon makullai.

"Ban gama ba tukuna," ya ce.

"Na karɓi makullinsa. Juma'a da safe, kafin motoci su fita, zan tara kowa. In ba wani labari, zan sallame shi, in kuma miƙa shi ga 'yan sanda. Ba don na'urar ba. Kayan mutane muke ɗauka, ba zan ajiye hannun da ake zargi ba."

*

Ya sami Baƙo a bayan gareji, zaune a kan tsohuwar taya. Inuwar wajen ta isa mutum shida, amma sauran direbobin sun gwammace rana.

"Kawu, sannu da aiki." Ya miƙe zai ba shi tayar. Siriri ne, mai kimanin shekara talatin da biyar, rigar aikinsa a goge.

"Zauna abinka. A buɗe ka bar tagar?"

"A buɗe. Ai cikin gida ne."

"Wa ka gani a kusa?"

"Kowa. Ba kowa." Ya shafa fuska. "Kawu, ka duba mini wannan da kyau. A gidan nan ni kaɗai ne in babu Gwaggo ba ni da aiki. Ko kasuwa aka aike ni sai ta riƙe mini hannu. To in sace ta in kai ina? Wa zai nuna mini hanyar wurin mai saye?"

Mai Bin Sawu ya kusa yin dariya. Bai yi ba.

"An ce kai ka ce sawuna ne," in ji Baƙo.

"Motarka ce. Dole a ga sawunka."

"To ka faɗa musu haka mana."

Can gaba wani ya tayar da inji, ya kashe. Mai Bin Sawu ya juya yana kallon wajen, Baƙo ya ci gaba.

"Maiɗakina ta kira ni ɗazu. Matar Makanike ta riga ta kai labari layinmu. 'Ya'yana biyu makaranta ɗaya suke da nasa. Mutum ɗaya ne bai canja mini fuska ba, Baba Taswira. Ya wuce ya dafa kafaɗata. Shi dama mutumin kirki ne. Makon jiya ma ya shigo motata lokacin hutu, ya ce in nuna masa yadda ake sa mata adireshi, wai so yake ya kama ta da ƙarya. Muka sa gidansa. Ta zana hanya, ya ce ka gani, zagaye ta yi, shi ya san gajeriya. Muka yi ta dariya."

"Kun goge adireshin?"

"Ya ce in bar shi, wata rana zai sake gwada ta."

*

Makanike ne ya kawo zancen suruki. Ya fito daga ƙarƙashin mota ta biyu, hannu duk baƙin mai, ya ce ai abin a fili yake: ƙanin matar Baƙo na da tebur a layin 'yan waya, tsofaffin kaya yake saye, ba ya tambayar asali. "Je ka ka gani. In ba ka same ta can ba, ka canja mini suna."

Mai Bin Sawu ya hau babur ya tafi. A hanya ya kama kansa yana fatan ya same ta a can, bai kuma ji daɗin wannan halin nasa ba.

Teburin na tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da batir. Cikin tarin wayoyi masu fasasshen gilashi ga wata na'urar nuna hanya, baƙa, a kife. Ya ɗauka ya juya ta. Ƙarama ce, bayanta ya kumbura, ƙura ta toshe ramin caji. Ta fi shekara ba a kunna ta ba.

"Ɗauki kyauta, Baba, ka rage mini kaya," in ji mai teburin, ƙato mai yawan fara'a. "Wa ke neman wannan yanzu? Kowa da wayarsa. Irinta kake nema?"

Ya ce an ɗauke wata ne a mota, ya faɗi abin da aka haɗa da shi. Bai faɗi motar wa ba.

"Har da robar? Har da igiya?" Mai teburin ya ƙyalƙyale. "To wannan ba ɓarawo ba ne, direba ne. Ɓarawo fizga yake, ya jefa a aljihu, ya ƙara gaba. Ba ya tsayawa ɓamɓarar roba yana naɗe igiya. Duk wanda ya ɗauki robar nan, yana da gilashin da zai manna ta." Ya ƙura masa ido. "Kai ba mai facin nan ba ne na gaban kamfanin su mijin Yaya? Yana dai lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Mai Bin Sawu.

*

Mota ta ɗaya ita kaɗai ke kwana a waje. Alfarma ce da aka yi wa Taswira tun zamanin tsohon manaja: ya tafi gida da ita, ya dawo da ita. Alhamis da safe, bakwai saura biyar, ta shigo gareji, ta tsaya daidai kan layinta kamar an auna.

Taswira ya sauko, dogo, kafaɗa a miƙe, hula a karkace. Shekararsa sittin da huɗu.

"Auta, har yanzu kana shinshinar ƙasa?"

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya. Ka bi Baƙon nan a hankali. Ba ɓarawo ba ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Fuskarsa." Ya gyara hula ya nufi ɗakin kaya, bai jira wata tambaya ba.

Mai Wanki na kan gilashin mota ta biyu, yana gurza yana mita. "Ka ga wahalata? Zobe, zobe, zobe. Duk yawu ne fa. Robar ba ta kamawa sai an jiƙa ta, su kuma ƙyuya ba ta barinsu su nemi ruwa, lasa suke su manna. In sun cire sai ta bar mini zobe. Ni ko a mafarki ina gane kowa da nasa. Dogon direban motar nan can sama yake kai ta, kusa da madubi. Baƙo a tsakiya, kamar mai kallon talabijin. Motar Taswira ce kaɗai ke ba ni hutu, shi da ba sa ga maciji da ita."

"Ka bar ta ɗaya sai ƙarshe," in ji Mai Bin Sawu. "Zan duba iskar tayarta."

Da Mai Wanki ya ja bokitinsa ya yi gaba, sai ya buɗe ƙofa ya hau kujerar wansa. A ido gilashin fes yake. An goge shi daga ciki, da hannun riga, ga alamar zare. Ya matsa ya hura masa huci a tsakiya. Ba komai. Ya hura kusa da madubi. Ba komai. Ya sunkuya bayan sitiyari, can kusurwar ƙasa ta ɓangaren direba, wurin da mai tsaye a waje ba zai hanga ba, ya hura.

Hucin ya kwanta a gilashi, zobe ya fito a cikinsa, cikakke. Ga wani ya hau kansa, ya ɗan goce. Biyu ke nan: na jiya da yamma, da na yau da safe.

Ya zauna har hucin ya bushe. Yanzu ba sauran tambayar wa. Saura don me, kuma wannan ma ya ji a jikinsa cewa ya daɗe da sanin amsar, ya ajiye ta ne inda ba zai yi tuntuɓe da ita ba.

*

Da hantsi ya je gidan wansa, lokacin da ya san ba ya nan. Ya sami matar Yaya tana shanya.

"A'a, yau ƙaramin maigida ya tuna da mu? Ko tayoyin gari ne suka daina fashewa?"

Ya yi dariyar da ta kamata, ya karɓi ruwa, ya zauna a kan benci. "Yaya kuwa yana lafiya kwanakin nan?"

Ta tsaya da riga a hannu. Ta matse ta, ta sake matsewa, ko ɗigo babu.

"Tun bara ne," ta ce. "Da farko yakan makara da minti goma, minti ashirin. Ya ce cunkoso. Watan jiya mai shagon bakin layi ya zo ya ce mini ga motarsa can a layi na uku, a tsaye, inji na aiki. Na yafa mayafi na je. Yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon gidan mutane. Da ya gan ni sai ya ce waya yake jira. Na shiga na zauna, na ce mu je gida. Na riƙa nuna masa hanya da hira: ka ga sun yi wa gidan can fenti, ka ga an sare bishiyar kwanar nan. Ya gane abin da nake yi. Kwana biyu bai yi mini magana ba."

"Jiya fa?"

"Jiya biyar da kwata yana ƙofar gida. Ya shigo yana tsokanar jikoki, har da neman ƙari a abinci. Na manta rabon da in ga haka." Ta rataye rigar. "Kai ma ka sani ai, kada ka zo kana tambayata kamar ɗan jarida. Ranar da ya kira ka da sunan marigayi babanku, a kan bencin nan kake, ka yi kamar ba ka ji ba."

Gaskiya ne. Ya yi kamar bai ji ba, ya kuma koma shago ya yi faci uku a ranar ba tare da ya sake tunawa ba.

*

Ƙarfe biyar mota ta ɗaya ta fito daga gareji. Ya bar motoci uku a tsakaninsu, ya bi ta a babur. Ya bi ɓarayi masu bindiga bai ji abin da ya ji a wannan tafiyar ba.

A babban shataletale motar ta shiga, ta wuce hanyar gida, ta zagayo. Ta sake wuce ta. A zagaye na uku ta fita ta wata hanya dabam, ta lallaɓa bayan katangar wani gidan mai, ta tsaya. Ya ajiye babur nesa kaɗan, inda yake hangen tagar direba.

Taswira ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya sunkuya ƙarƙashin kujera ya fito da ƙullin tawul. Ya warware, ya ɗaga robar zuwa bakinsa ya lasa, ya manna ta can ƙasa. Ya sa tabarau. Ya danna da yatsa ɗaya, a hankali, sau uku.

Daga nan motar ta tafi kamar ta da. Ba tsayawa, ba shakka, sigina kafin kowace kwana. Minti goma sha ɗaya. A ƙofar gida, taga a buɗe, muryar macen ta fito har inda Mai Bin Sawu ya laɓe a bayan wata motar haya: "Ka iso inda za ka."

Wansa ya ɗan jima bai motsa ba. Sannan ya cire na'urar, ya naɗe igiyar a yatsu, ya goge gilashi da hannun riga.

"Sannu, Gwaggo," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Mai Bin Sawu ya tura babur ɗinsa da hannu har ƙarshen layi kafin ya tayar.

Akwai hanya mai sauƙi, ya kuma juya ta a ransa har gida. Ya san inda tawul ɗin yake. Da safe zai iya zare shi, ya jefa bayan famfo, ya ce ga ta an tsinta. Sai dai gareji zai ce Baƙo ne ya ji tsoro ya mayar, sunan ya bi shi har inda zai nemi aiki gaba. Yaya kuma ya koma shataletale da tan biyu na ƙarfe a hannunsa, a lokacin da ake tashi daga makarantu.

*

Juma'a da safe mutum goma suka cika ofishin Manaja, wasu a tsaye jikin bango. Baƙo na kusa da ƙofa. Taswira na kan kujera, don ba mai zama yana tsaye. Jakar aikinsa na kan cinyarsa.

"Muna jinka," in ji Manaja.

"Zan fara da gyara," in ji Mai Bin Sawu. "Ranar Laraba na ce sawun baƙo nake nema. Baƙo na waje nake nufi, mutumin titi. Ba wannan bawan Allah ba. An juya maganar a gabana, na ji, na yi shiru kwana biyu. Laifina ne, ba na Mai Wanki ba."

"Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa," in ji Mai Wanki, amma a hankali.

"To ka sami na wajen?" Makanike ya tambaya.

"Babu. Ba wanda ya shigo daga titi."

"Ka ji! Mun dawo inda muke. Surukin fa?"

"Ba ta can. Ba don sayarwa aka ɗauke ta ba." Ya dubi Manaja. "Akwai sawu na uku a bakin ƙofar motar. Na gan shi tun ranar. Na sa ƙafata na murje shi."

Manaja ta ajiye biro.

"Na wa?"

Ya sha faɗin sunan ɓarawo a gaban uwarsa, a gaban matarsa, bai taɓa in'ina ba. Ya buɗe baki. Ya dubi ƙasa, ya ga takalma, ya san na kowa. Ya sake buɗe baki.

"Ku ƙyale shi," in ji Taswira. "Ba zai iya ba. Ni na goya shi."

Ya buɗe jakar, ya fito da tawul, ya shimfiɗa a kan tebur. Na'urar, robar, igiyar a naɗe tsaf.

Makanike ya fashe da dariya. "Baba! Kai da Gwaggo? Ashe zagin duk na soyayya ne!" Ya duba ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye sauran.

"Ban san hanyar gidana ba," in ji Taswira, da muryar da yake ba da rahoton taya ta yi faci. "Wasu ranakun na sani. Wasu ranakun in na kai shataletale sai hanyoyin duk su zama ɗaya. Da na roƙa da an ba ni, ai don ni aka saya. Amma da wane bakin? Wanda na zage ta da shi a nan ɗakin?" Ya juya wajen ƙofa. "Kai kuma. Na ga an ɗora maka, na ce gobe zan mayar. Goben ta zo, na kasa. Kwana biyu ina isa gida da wuri, kai kana zaune a kan taya. Ka yafe mini in za ka iya. In ba ka iya ba, ba ka yi laifi ba."

Baƙo ya daɗe yana kallon tawul ɗin.

"'Ya'yana ba su je makaranta ba yau," ya ce. "Babbar ta ce ba za ta iya shiga aji ba." Ya ja numfashi. "Baba, naka na gane. Da ka ce mini, wallahi da kullum na raka ka, ba wanda zai ji. Naka na gane." Ya dubi Mai Bin Sawu. "Kai ne ban gane ba, Kawu. Kai ba ka ɓata ba. Ka zauna kusa da ni kana yi mini tambayoyi."



Manaja ta miƙe ta ciro makullin mota ta huɗu daga allo, ta zagayo tebur ta sa wa Baƙo a hannu. "Ka je gida ka kai yara makaranta da kanka, a motar kamfani. Makanike, matarka za ta koma layin da ta kai labari ta kai gyara, gida-gida, yau. Maganar 'yan sanda babu ita." Ta dubi Taswira, a karon farko muryarta ta rage ƙarfi. "Baba, mu sai mu zauna daga baya."

"Ba sai mun zauna ba, 'yata." Ya tashi, ya ciro makullin mota ta ɗaya daga aljihu. Ƙusarta a allon ta yi tsatsa, don shekara da shekaru ba a rataya komai a kanta ba. Ya rataye. "Kayan mutane ne. Titi kuma da 'ya'yan mutane."

Aka buɗa masa hanya. Dogon direban mota ta biyu ya ce zai sauke shi gida, Baƙo ma ya ce hanyarsa ce, ko da yake ba hanyarsa ba ce. Taswira ya ce ƙafarsa ƙalau.

*

A bakin ƙofar gareji ya tsaya. Motoci na wucewa, masu zuwa aiki na sauri. Ya dubi dama. Ya dubi hagu. Ya duba agogo, ya gyara hula, ya sake duba agogo.

Mai Bin Sawu na bayansa da taku biyar. Ga shagonsa can tsallake a rufe, mutum biyu na jira da taya. Shekara hamsin da biyar bai taɓa shiga gaban wansa a hanya ba, ko zuwa gona, ko zuwa jana'iza. Ya zo ya wuce ta gefensa ba tare da ya dube shi ba, ya yi hagu, a hankali, kamar mai tafiyar kansa.

Ya yi taku goma bai ji komai ba. Sannan ya ji tafiya a bayansa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kada ka waiwayo."

"To, Yaya."

Bai waiwaya ba.